Duwatsun Rumbu Kafin Damin Gero

Ƙannena maza da mata, duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, ko daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa da Kunchi, ya san ba da kaka ake gina rumbu ba. Da rani ake gina shi, tun gero yana iri a ɗaka. Kafin magini ya kwaɓa ƙasa, yakan dubi mai gida ya tambaye shi: dami nawa kake samu a shekarar da damina ta yi albarka? Amsar ce ke faɗa masa faɗin gindi, da yawan duwatsun da zai jera, da kaurin itacen da zai gitta a kansu. Duwatsun nan su ke ɗaga rumbu daga ƙasa, su raba shi da danshi da gara. Babu mai yaba su, domin idan gini ya kammala ido yana kan tumbin rumbu da jinkarsa. Amma ranar da aka cika shi da hatsi, aka ga gindi ya soma nutsewa, ba yadda za a cusa dutse a ƙarƙashi sai an kwashe damin nan kaf.

Na fara da rumbu ne domin aikin da da yawanku kuka shiga yanzu aikin rumbu ne, sai dai abin da ake zubawa ciki ya sauya. Wasunku sun fito daga Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya da ke Bichi, wasu daga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, wasu daga Jami'ar Bayero, wasu kuma sun koyi aikin ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko a shagon wani yayansu. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa suka yawaita. Ɗakunan shan magani suna tara bayanan marasa lafiya, ƙungiyoyin manoma suna rajistar mambobi da gonakinsu, 'yan kasuwar Dawanau suna son lissafin buhunan da ke sito ya bar takarda. Duk waɗannan bayanai suna bukatar ma'ajiya, ma'ajiyar kuma tana bukatar manhajar da za ta kula da ita: ta rarraba faifan ajiya, ta tsara abin da ya shigo, ta yi kwafi saboda ɓacin rana, ta fito da abu idan an nema. Ku za a kira ku girka wannan manhaja. Nasihata gare ku guda ce: kada ku girka ta sai kun fara daidaita iyakokin da uwar manhaja ta gindaya mata.

Abin da nake kira uwar manhaja shi ne tsarin da ke riƙe da kwamfutar gaba ɗaya, wanda sauran manhajoji ke zaune a ƙarƙashinsa. A manyan kwamfutocin ajiya, waɗanda muke kira saba, yawanci Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Ita uwar manhaja ba ta sakar wa kowa mara ya yi yadda ya ga dama. Kowace manhaja da ta tashi, akwai adadin fayilolin da aka yarda ta buɗe a lokaci guda, da adadin ayyukan da mai ita zai iya tayarwa, da girman wurin da za ta mamaye a ƙwaƙwalwar na'ura. Wannan tsari ya girmi Linux ɗin kansa. Yana cikin tsarin 4.2BSD da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fitar a 1983, zamanin da kwamfuta ɗaya ke ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda, ana tsoron kada aikin mutum ɗaya ya cinye rabon kowa.

Ɗan ƙasarmu ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane hikimar. Masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga wajajen 1960 yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, saboda mamakin yadda mutane suka yi cunkoso, ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Mu da muka tashi a ciki mun san wani ɓangare na sirrin. Inda gona ta matsi gona, iyaka ba abin wasa ba ce. Ana dasa mata gamba ko lalle ko aguwa don kada a yi musu. Da shuka ta fito, mai unguwa zai sa a yi shela a ɗaure dabbobi, kowace akuya ta koma turke, a riƙa yanko mata ciyawa, takinta ya taru a fitar da shi gona a mangala da rani. Igiyar turke kuwa sai da awo. Idan ta yi gajarta, akuya tana ganin harawa ba ta isa gare ta. Idan ta yi tsawo, sai ka wayi gari da ƙarar maƙwabci a ƙofar dagaci.

Haka iyakokin Linux suke, kuma hawa biyu ne. Akwai ƙaramar iyaka, wadda ita ce ke aiki a yanzu, kamar tsawon igiyar da aka saki. Akwai babbar iyaka, wadda ita ce tsawon igiyar gaba ɗaya. Mai amfani na gama-gari yana iya ƙara ƙaramar har ta kai babbar, yana ma iya rage babbar, amma idan ya rage ba zai iya mayar da ita ba. Ɗaga babbar iyaka sai mai cikakken iko, wanda ake kira root. A yawancin ire-iren Linux, ƙaramar iyakar buɗe fayil 1024 ce. Lambar ta samo asali ne daga wata tsohuwar hanyar sa ido kan fayiloli mai suna select, wadda ba ta iya wuce nan, shi ya sa aka bar ta haka don kada tsofaffin manhajoji su rikice. Ga mai rubuta wasiƙa ko kallon bidiyo, 1024 ta yi yawa ma. Ga manhajar ajiya kuwa, igiya ce da ko kwanon ruwa ba ta kai ba, domin a wurin Linux kusan komai fayil ne. Hoton da aka buɗe fayil ne, kowane yanki na rumbun bayanai fayil ne, kuma kowace waya da ta haɗu da saba ta intanet ita ma tana cin gurbi ɗaya ko fiye daga cikin lissafin.

Wannan darasi da tsada na saye shi. Shekarun baya wata ƙungiyar manoma a yankinmu ta ba ni aikin haɗa mata saba da za ta riƙa karɓar bayanan mambobi: suna, hoto, girman gona, da abin da mutum ya karɓa bashi. Na girka manhajar cikin wuni ɗaya, na gwada da waya uku, komai ya tafi sumul, aka yi mini godiya na koma gida. Wata huɗu ba a kira ni ba. Sai ranar rajistar taki, gab da faɗuwar damina, da wakilan ƙungiya suka bazu ƙauyuka kowa da wayarsa yana tura hotuna a lokaci guda. Kun san yadda sabis yake a karkararmu. Hoton da zai wuce cikin daƙiƙa biyu a birni sai ya ɗauki minti yana jan ƙafa, duk tsawon lokacin kuma gurbinsa a buɗe yake. Wani ma sabis ya yanke masa a tsakiya, ya sake turawa, alhali saba ba ta riga ta rufe na farko ba. Kafin azahar lissafi ya cika. Fayil ɗin rahoto ya cika da layi ɗaya yana maimaituwa, Too many open files, ma'ana fayilolin da aka buɗe sun wuce ƙa'ida. Faifan ajiya bai kai rabi ba, ƙwaƙwalwar na'ura da sauran fili, wuta ba ta ɗauke ba, amma manhajar ta daina karɓar kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da ke tsaye a layi. Akwai wata dattijuwa da ta biya kuɗin acaɓa daga ƙauyensu don ta yi wa gonar marayun ɗanta rajista, aka ce mata ta dawo gobe. Ita ba ta san wata lamba 1024 ba. Abin da ta sani shi ne ta kashe kuɗin mota, ta bar aikinta, ta koma hannu rabbana. Umarnin da zai hana wannan bai kai minti biyar ba da na yi shi ranar girkawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda nake yi tun daga ranar, kuma haka nake so ku yi.

Ku fara da karanta takardar da masu manhajar suka rubuta a kan abin da ake bukata kafin girkawa, ku karanta ta kafin ku sauke manhajar ma. Ita ce tambayar magini ta dami nawa. Kamfanonin ba su ɓoye komai ba. Oracle, alal misali, ya daɗe yana gindaya wa mai girka manhajarsa ta kula da faifai, wadda ake kira ASM, cewa babbar iyakar fayiloli ta kai aƙalla 65536, ƙaramar iyakar ayyuka 2047, babbarta 16384. MongoDB yana ba da shawarar iyakar fayiloli ta kai 64000. Elasticsearch yana neman ta kai 65535, sannan yana so a ɗaga wani ma'auni mai suna vm.max_map_count daga 65530 da aka saba samu zuwa aƙalla 262144, kuma idan aka buɗe shi ga wasu na'urori ba a yi haka ba, ƙin tashi yake yi. Irin wannan ma ya yi muku adalci, tunda ya faɗa muku tun da wuri. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda zai tashi lafiya lau, ya jira ranar cunkoso. Kada ku kwafi lambobin wata manhaja ku ɗora wa wata, kuma ku duba takardar sigar da ke hannunku, domin lambobi suna sauyawa daga fitowa zuwa fitowa.

Daga nan sai ku ga abin da ke ƙasa. Umarnin ulimit -a zai jero muku iyakokin duka. Idan na fayiloli kaɗai kuke so, ulimit -Sn zai nuna ƙarama, ulimit -Hn ya nuna babba, ulimit -u kuma na ayyuka ne. Sai dai ku lura da sunan wanda kuka shiga da shi. Iyaka ta kowane mai amfani ce daban, saboda haka idan manhajar za ta yi aiki da wani suna na musamman da kuka ƙirƙira mata, iyakar wannan sunan za ku duba. Mutum ya auna igiyar tunkiyarsa ba zai san tsawon ta akuyar maƙwabci ba.

Sai wurin rubutawa, kuma a nan ne na ga ƙwararru ma suna tuntuɓe. Idan ka buga ulimit -n 65536 a tagar umarni, gyaran yana nan ne muddin tagar tana buɗe. Da an rufe ta, ko wuta ta ɗauke, ko batirin sola ya sauka da asuba na'ura ta sake tashi, komai ya koma yadda yake. A ƙasar da saba za ta iya mutuwa ta tashi sau da yawa a mako, gyaran da ba ya tsallake tashi ɗaya daidai yake da ba a yi ba. Gyara mai ɗorewa ana rubuta shi a fayil ɗin /etc/security/limits.conf, ko kuma, wanda ya fi tsabta, a buɗe sabon fayil a cikin /etc/security/limits.d/ da sunan manhajar. Kowane layi kalma huɗu ne: sunan mai amfani, hawa, abin da ake iyakancewa, da lamba. Da a ce sunan da kuka ba manhajar shi ne rumbu, za ku rubuta:

rumbu soft nofile 65536
rumbu hard nofile 65536

Kalmar soft ita ce ƙarama, hard babba, nofile fayiloli, nproc ayyuka. Ku kula da ma'auni, domin wasu layukan, irin su stack da memlock, da kilobayit ake lissafa su. A Ubuntu da Debian, alamar tauraro da ke nufin kowa da kowa ba ta haɗa da root, sai an ambace shi da suna. Sannan gyaran ba ya hawa kan wanda ya riga ya shiga. Sai ya fita ya sake shigowa, domin kowane aiki yana gadon iyakarsa ne daga wanda ya haife shi a lokacin haihuwa.

Ranar rajistar takin nan na yi duk wannan, na sake tayar da manhajar, bayan ɗan lokaci ta sake tsayawa. Sai da la'asar na gano dalili. Fayil ɗin limits.conf yana aiki ne kan wanda ya shigo ta ƙofa da suna da kalmar sirri. Manhajar da ke tashi da kanta tare da na'ura ba ta bi ta wannan ƙofa. Wani tsari mai suna systemd ne ke tayar da ita, shi kuma ba ya karanta wancan fayil. Dole a faɗa masa a nasa wurin. Za ka buga systemctl edit da sunan manhajar, a ƙarƙashin sashen Service ka rubuta LimitNOFILE=65536, da LimitNPROC idan ana bukata, sannan ka sake tayar da ita. Bayan wannan akwai iyakar na'urar gaba ɗaya, irin su fs.file-max, waɗanda ake rubutawa a cikin /etc/sysctl.d/. Ka ba akuya doguwar igiya a ƙaramin tsakar gida, katanga ce za ta tare ta.

Idan an gama rubutu, kada ku gaskata rubutun. Ku tambayi manhajar da kanta. Kowane aiki mai gudana yana da lamba, kuma a cikin /proc akwai ɗaki mai wannan lambar, a cikinsa akwai fayil mai suna limits. Abin da ke ciki shi ne gaskiyar iyakar da manhajar ke aiki da ita a wannan lokacin. A ɗakin dai akwai wani wuri mai suna fd; idan kuka ƙirga abin da ke cikinsa kun san fayil nawa ta buɗe. Daga nan ku kashe na'urar da gangan ku kunna, ku sake dubawa. Ku tara wayoyin abokai da 'yan'uwa, ku fita da wasu bayan gari inda sabis ke rawa, ku tura kaya a lokaci guda kuna kallon lissafin yana hawa. Gara ta faɗi a gabanku ranar da babu kowa a layi.

Akwai kuskure na biyu da ke kama wanda na farko ya taɓa ƙonawa, wato ya cire iyaka ɗungurungum don ya huta. Ina roƙon ku kada ku yi. Manhaja tana iya samun ɓaraka ta riƙa buɗe fayil ba ta rufewa, ko ta riƙa haifar ayyuka ba tsayawa. Idan akwai iyaka, ita kaɗai za ta tsaya, ku gani a rahoto, ku gyara. Idan babu, za ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura har uwar manhaja ta shiga kashe ayyuka don ta ceci kanta, kuma wanda za ta kashe yana iya zama rumbun bayananku yana tsakiyar rubutu. Bayan haka, akwai wani rufi mai suna fs.nr_open, wanda asalinsa 1048576 ne ko da yake wasu sababbin tsare-tsare sun ɗaga shi. A wasu ire-iren Linux, idan ka rubuta lambar da ta haura shi, na'urar tana iya hana ka shiga kwata-kwata. Ka yi tunanin saba tana Kunchi kai kana Kano, ka kulle kanka a waje. Shi ya sa duk lokacin da zan taɓa waɗannan fayiloli nakan bar taga ɗaya ta root a buɗe, in gwada shiga ta wata, sai na tabbata sannan in rufe ta farko. Idan kuma kuka ga manhaja tana cika iyaka komai kuka ƙara, ku daina ƙari ku nemi inda take yoyo. Rumbun da ɓera ya huda, ƙara masa faɗi ba zai tsayar da zubar hatsi ba.

Abu na ƙarshe a aikin shi ne ku bar bayani. A saman kowane layi da kuka gyara, ku sa alamar # ku rubuta kwanan wata, da lambar da kuka tarar, da dalilin sauyawa. Ku kuma rubuta a littafi na takarda ku ajiye kusa da na'urar. Yawancinku ba za ku daɗe a wuri ɗaya ba. Wani zai samu aiki a Abuja, wata za ta yi aure ta koma Katsina. Wanda zai gaje ku ƙila ƙaninku ne da bai taɓa ganin na'urar ba. Manomin kirki idan ya dasa gamba a iyaka yakan kai ɗansa ya nuna masa, don kada a yi rigima bayan ransa.

Na san abin da ke sa a tsallake wannan mataki. Mai aiki yana tsaye a kanka yana so ya ga allo ya kawo launi, janareta yana shan mai, kuma babu wanda zai biya ka don ka gyara layi biyu da ba ya gani. Idan ka ce sai gobe, wani yaro zai ce shi yau zai gama. Ku daure ku yi wa mai aikin bayani da harshen da ya sani. Ku tambaye shi wace rana ce ta fi cunkoso a shekararsa, mutum nawa ke zuwa, waya nawa za su yi aiki tare. Ku ce masa kuna jera duwatsu ne. Ban taɓa ganin Bakanon da ya taɓa mallakar rumbu ya kasa gane wannan magana ba.

Ku tuna kuma abin da ke cikin faifan nan. Sakamakon jarrabawar yarinyar da ubanta ya sayar da akuya ya biya mata ne, da tarihin allurar rigakafin jariri, da shaidar cewa wane ya biya bashinsa. Masu su ba za su taɓa sanin sunanku ba, kuma ba su da ikon duba ko kun yi aikin da kyau. Abin da aka damƙa maka wanda mai shi ba zai iya bincikarka a kai ba, shi ake kira amana.

Idan kun je gida hutun nan, ku zaga bayan ɗaki inda rumbun kakanku yake, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashinsa. Ku ƙirga duwatsun, ku tambayi tsofaffin gidan shekara nawa ke nan da aka jera su, da damina nawa suka ɗauka ba a sake taɓa su ba. Allah Ya yi wa hannuwanku albarka, Ya sa abin da aka ba ku ajiya ya fito lafiya ranar da aka neme shi.